Me Ya Sa Mota Ke Karkarwa Bayan An Sa Mata Sabon Birki?

Mutum ya biya kuɗin sabon fad da sabon faifan birki, amma da ya taka birki sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa. Nan take ake zargin kayan jabu ne. Akwai jabun a kasuwa, amma sau da yawa matsalar daga wajen ɗaurawa take, kuma barin ta na cinye sabon faifan.

Da farko sai a gano inda karkarwar take. Idan sitiyari ne ke rawa, galibi birkin gaba ne. Idan a kujera ake jin ta, a duba na baya. Idan kuwa motar na girgiza ko ba a taka birki ba, to wannan aikin masu balansin taya ne. Bugun da feda ke yi a ƙafa lokacin taka birkin gaggawa kuma, ABS ne ke aikinsa.

Babban mai laifi shi ne tsatsa. Faifan yana zama ne a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa. Idan bakanike bai kankare tsatsa da dattin wurin da burushin ƙarfe ba, faifan zai zauna a ɗan karkace. Ido ba ya ganin wannan karkatar: a motoci da yawa, iyakar da aka yarda da ita kusan milimita 0.05 ce, ƙasa da kaurin takarda. Duk juyin taya sai ɓangaren da ya fi tudu ya gogi fad, har kaurin faifan ya daina zama ɗaya. Shi ya sa motar kan fita daga gareji lafiya, sai bayan makonni rawar ta bayyana. Agogon awo mai allura ne ke nuna karkatar. Manhajar waya mai auna girgiza ba za ta iya ba.

Sai ɗaurin noti. Hawa kan sifana da ƙafa ƙarfi ne kawai, ba gwaninta ba. Ana ɗaure notin ne ɗaya a tsallaka zuwa na daura da shi, da sifana mai auna ƙarfi. Yawancin Corolla na buƙatar Nm 103, Accord kuma Nm 108, kuma adadin na cikin littafin motar, wanda ake iya saukewa a waya.

Sabon faifai kan zo da man da ke hana shi tsatsa, dole a wanke shi da feshin wanke birki. A kuma tabbatar ƙusoshin kalifa na zamewa, da giris ɗinsu.

Bayan haka fad da faifai na buƙatar su saba da juna. A titin da babu cunkoso, direba ya kai kilomita 60 a awa, ya rage zuwa 10 ba tare da tsayawa cak ba, kamar sau takwas, sannan ya yi tafiyar 'yan mintuna birkin ya huce. Tsayawa da ƙafa a kan birki mai zafi na barin tabon fad a wuri guda, daga nan ma rawa kan fara.

Idan kaurin faifan ya riga ya bambanta, sai dai a kai shi injin gogewa, muddin bai yi ƙasa da adadin MIN TH da ke rubuce a jikinsa ba. In ya yi ƙasa, sauyawa ce kawai.