Hublon: tsiron da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, da yadda masu dafa ta a gida suke zaɓensa

Wanda ya taɓa juya gwangwanin lemun malt a wani kanti na Garwa, Njamena, Kwatano ko Yamai domin ya karanta abubuwan da aka haɗa shi da su, mai yiwuwa ya ci karo da kalmar «houblon». A Akara da Kumasi, inda ake rubutun da Turancin Ingilishi, «hops» zai gani. Wasu kan yi turus a nan, saboda sun san da wannan abu ake yin giya, sai su yi zaton shi ne ke sa maye.

Hublon ba ya sa maye. Barasar da ke cikin giya tana samuwa ne a lokacin da yis ya cinye sukarin hatsin da aka tsirar. Aikin hublon uku ne: ɗaci, ƙamshi, da hana abin sha saurin lalacewa. Inda aka fi ganin waɗannan ayyuka a fili shi ne wurin masu dafa giya a gida a Turai da Amurka, musamman nau'in da ake kira pale ale, wanda kusan dukan ɗanɗanonsa daga hublon yake fitowa.

Wane irin tsiro ne?

Hublon tsiro ne mai yaɗo, yana naɗe igiya yana hawa kamar doya. A gonakinsa ana kafa dogayen sanduna a ɗaura wayoyi a sama, tsayin mita shida zuwa bakwai, kuma cikin ƴan watanni tsiron yake kai ƙololuwa. Akwai namiji akwai mace, amma furen macen kaɗai ake girba. Furen kore ne, girmansa bai wuce babban yatsa ba, yana da ƴan ɓawo a jere a kan juna. Idan aka ɓare shi za a ga wani gari rawaya mai danƙo a ciki. A cikin wannan gari ne sinadaran ɗaci da man ƙamshin suke.

Masana tsirrai sun sa hublon a dangi ɗaya da tabar wiwi, amma ba ya ɗauke da sinadarin da ke sa mai shan wiwi buguwa.

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka haɗa hublon da giya ya fito ne daga Faransa: dokokin da shugaban gidan ibada na Corbie, Adalhard, ya rubuta a shekarar 822. A 1516 masarautar Bavariya ta Jamus ta kafa dokar da ta taƙaita kayan giya ga sha'ir, hublon da ruwa. A yau Jamus da Amurka ne kan gaba a nomansa. Yankin Hallertau na Bavariya da kwarin Yakima na jihar Washington su ne manyan cibiyoyi, sai garin Žatec na ƙasar Cek, wanda hukumar UNESCO ta sa shi da gonakin hublon ɗinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. A Faransa an fi noma shi a Alsace.

Daga Burton zuwa Kalifoniya

Sunan pale ale yana nufin giya mai hasken launi. Ta samo asali a Ingila, lokacin da aka iya busar da tsiron sha'ir ba tare da ya ƙone ya yi duhu ba. A ƙarni na 19 garin Burton ya yi fice da ita, domin ruwan rijiyoyinsa yana da sinadarin jibsam mai yawa, wanda ke sa ɗacin hublon ya fito tas. Wadda ake aika wa Turawan mulkin mallaka a Indiya kan yi watanni a jirgin ruwa, tana zagaye ta kudancin Afirka, kuma yawan hublon da aka zuba mata yana taimaka mata ta isa ba ta lalace ba. Ita ce aka riƙa kira India pale ale, a taƙaice IPA.

Sabon salon ya zo daga Amurka. A 1972 aka fitar da wani irin hublon mai suna Cascade daga shirin bincike na gwamnati a jihar Oregon, mai ƙamshin ɓawon lemu, saɓanin irin Turai masu ƙamshin ganye da ƙasa. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a matakin tarayya, abin da Birtaniya ta riga ta yi tun 1963. A 1980 Ken Grossman, wanda a da yake da shagon sayar da kayan dafa giya a gida, ya fara fitar da Sierra Nevada Pale Ale a garin Chico na Kalifoniya, da Cascade a ciki. Har yau ita ce masu dafawa a gida da yawa suke fara kwaikwayo.

Lambar da ake fara dubawa

Mai zaɓen hublon yana fara duba wata lamba a jikin leda: kason sinadarin ɗaci, wanda ake kira alfa, a cikin ɗari. Irin Saaz na Žatec yana da wajen kashi 3 zuwa 4. East Kent Goldings na Ingila da Cascade suna tsakanin 4 da 7. Magnum na Jamus da Citra na Amurka sukan haura 11.

Wannan lamba ce ke faɗa masa nauyin da zai auna. A tukunyar lita 20, giram 20 na hublon mai kashi 13 da aka tafasa awa ɗaya yana ba da ɗaci kusan maki 30 a ma'aunin IBU, wanda kowane maki nasa ke daidai da miligiram ɗaya na narkakken sinadarin ɗaci a lita. Idan da mai kashi 4 zai yi, sai ya zuba kusan ninki uku kafin ya sami ɗaci iri ɗaya. Pale ale irin ta Amurka takan tsaya tsakanin maki 30 da 50, IPA kuma tsakanin 40 da 70. Giyar kwalba ta manyan kamfanoni akasari ba ta kai 25 ba.

Lambar tana canzawa daga girbi zuwa girbi, ko da irin ɗaya ne, saboda ruwan sama da zafin shekarar. Shi ya sa gogaggen mai dafawa ba ya dogara da abin da ya auna bara, sai ya sake lissafi da ledar da ke hannunsa.

Abu na biyu shi ne ƙamshi, kuma wannan lamba ba ta nuna shi. Irin Ingila kamar Fuggle da Goldings suna kawo ƙamshin ganye, itace da ƙasa. Strisselspalt na Alsace da Saaz suna da ƙamshi mai laushi na fure da kayan yaji. Citra da Mosaic suna kawo na mangwaro, lemu da gwaba. Masu saye kan murza ɗan kaɗan a tafin hannu su shinshina. Hublon mai kyau kore ne, yana da danƙo, ƙamshinsa na tashi nan take. Wanda ya koma ruwan ƙasa, ko yake warin tsohuwar cuku, iska ta riga ta lalata shi.

Lokacin zubawa shi ne komai

Duk wanda ya iya haɗa shayi ya san ƙa'idar. Ganyen shayi, iya daɗewarsa a wuta iya ɗacinsa. Na'a-na'a kuwa a ƙarshe ake jefa ta, domin idan ta daɗe tana tafasa ƙamshinta ya bi tururi. Hublon ya haɗa halayen biyu a fure ɗaya.

Mai dafawa yakan jiƙa niƙaƙƙen tsiron sha'ir a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 67 na tsawon awa ɗaya, ya tace ruwan mai zaƙi, sannan ya tafasa shi. Sinadarin alfa ba ya narkewa sosai sai zafi ya sauya masa kama, kuma hakan yana ɗaukar lokaci. Don haka hublon ɗin da ake nema wa ɗaci tun farkon tafasa ake zuba shi, ya yi minti 60. Ko a haka, abin da ke shiga ruwan bai fi kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na sinadarin ba. A nan aka fi amfani da iri mai babbar lamba, domin kaɗan ya isa, kuma ƙamshinsa ba zai tsira ba ko yaya.

Man ƙamshi kuwa gudun zafi yake yi. Wanda ake so ya ba da ɗanɗano ana zuba shi saura minti 15 zuwa 5 a sauke. Wasu sukan kashe wuta, su bar ruwan ya sauko zuwa wajen digiri 80, sannan su zuba hublon ya jiƙu na minti 20 zuwa 30. Wannan hanya tana ciro mai da yawa ba tare da ƙara ɗaci sosai ba.

Mataki na ƙarshe ba ya buƙatar wuta. Bayan an sanyaya ruwan zuwa digiri 18 ko 20, an zuba yis, ya yi kwanaki yana aiki, sai a jefa hublon kai tsaye cikin mazubin a bar shi kwana biyu zuwa biyar. A pale ale ana sa giram 2 zuwa 6 a kowace lita, a wasu nau'o'in IPA masu gurɓin launi kuma har fiye da 10. Daga nan ne ƙamshin da ke tashi da zarar an buɗe kwalba yake fitowa.

Kurakuran da aka fi yi

Na farko shi ne haɗa iri huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, ƙamshin ya cakuɗe, ba a gane ko ɗaya. Shi ya sa ake shawartar sabon shiga ya yi tukunya da iri ɗaya tak, ya san halinsa, kafin ya fara gauraya.

Na biyu shi ne barin hublon ya daɗe a mazubi har abin ya ɗauki ɗanɗanon ɗanyar ciyawa. Na uku shi ne barin iska ta shiga, domin iskar oksijin tana kashe ƙamshi tana kuma dusasar da launi. Na huɗu yana da haɗari: hublon da aka jefa a sanyi yana ɗauke da wasu sinadarai da ke farfasa ragowar sitaci ya koma sukari, yis ya sake tashi. Idan aka yi gaggawar rufe kwalba, iskar gas na iya taruwa har kwalbar ta fashe.

Haske ma abokin gaba ne. Rana tana sauya sinadarin ɗacin ya koma mai ɗoyi cikin ƴan mintuna, kuma wannan ne dalilin da ya sa aka fi zuba giya a kwalba mai ruwan ƙasa. Shi kansa hublon, wanda yanzu aka fi sayar da shi a matse kamar ƙwayoyin abincin kifi, a leda marar iska ake ajiye shi cikin firiza. Ragowar da aka tace kuma guba ce ga karnuka, tana iya sa musu zazzaɓi mai kisa.

Me ya sa ba a noma shi a yankinmu?

Hublon yana son dogayen ranakun bazarar Turai, inda hasken rana kan kai awa 15 ko fiye, sannan yana son sanyin hunturu da zai kwantar da saiwarsa. Shi ya sa nomansa ya taru tsakanin digiri 35 da 55 daga tsakiyar duniya. A Garwa ko Yamai tsawon yini ba ya nisa da awa 12 duk shekara, don haka tsiron kan yi fure tun bai girma ba. A Afirka, wurin da aka san shi da noman hublon na kasuwa shi ne kewayen garin George a Afirka ta Kudu. Kamfanonin giya da na lemun malt a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya daga waje suke sayo shi. Ko lokacin da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma ga dawa, hublon bai sami magaji na gida ba.

An dai nema. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun gwada shuwaka, ganyen da ake miyar ndole da shi a Kamaru, da kuma namijin goro, a matsayin masu ba da ɗaci. A Habasha, tun da daɗewa ganyen gesho ne ke yin wannan aiki a abubuwan shan gargajiya. Burkutu, fito, dolo da bilbil kuwa ba a sa musu hublon, kuma wannan na cikin dalilan da suke tsami su lalace cikin ƴan kwanaki.

Manoman Turai su ma suna cikin damuwa. Farin 2022 ya rage girbi a Jamus da Cek, kuma wani bincike da mujallar Nature Communications ta wallafa a 2023 ya yi hasashen cewa zuwa 2050 amfanin gonar hublon a Turai zai ragu da kashi 4 zuwa 18, sinadarin ɗacinsa kuma da kashi 20 zuwa 31.

Abin da mai saye zai duba

Ganin «houblon» a jikin gwangwani bai nuna akwai barasa ba. A lemun malt ana sa kaɗan ne domin ya rage kaifin zaƙi. Abin dubawa shi ne lambar da ke gaban alamar «% vol». Akwai kuma bambanci tsakanin lemun malt da abin da aka rubuta wa «bière sans alcool». A dokar Faransa, giyar da ke ɗauke da wannan suna tana iya ƙunsar barasa har kashi 1.2 cikin ɗari, a ƙasashe da dama kuma iyakar ita ce 0.5. Hukuncin shan irin wannan na malamai ne, amma mai tambaya zai fi samun amsa daidai idan ya je musu da lambar da ke jikin gwangwanin.