Fita Su a Teku da Kayak: Shirin da Ake Gamawa Tun a Tudu

Daga watan Mayu zuwa Satumba, duk Asabar ɗin da gari ya waye garau, ƙananan tashoshin ruwa na kudancin Ingila, irin su Lyme Regis da Swanage da Brixham, sukan cika da motoci ɗauke da wasu siraran jiragen roba a kan rufi. Kayak ke nan: jirgin mutum ɗaya, tsawonsa kamar mita 4, faɗinsa bai kai mita guda ba, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuit ne da maƙwabtansu na can ƙuryar arewacin duniya, masu ɗinka fatar dabbobin teku a jikin ƙirar itace ko ƙashi su fita farauta. Na masu fatsa na yau da roba ake ƙera shi, a kansa ake zama, kuma yana da 'yan ramuka da ruwan da ya fantsamo yake zurarewa ta ciki. Tun 1997 ma kamfanin Hobie na Amurka ya fito da wanda ake tuƙawa da ƙafa, don hannu ya samu sukunin riƙe sandar fatsa.

Akasari a ƙungiya ake fita, kuma hakan ya fi. Sai dai yawa yana da nasa ruɗin. Mutum takwas sun taru a bakin ruwa, kowa ya ɗauka wani ya duba hasashen yanayi, kowa ya ɗauka wani ya zo da na'urar neman agaji, wanda gabansa ke faɗuwa kuma ya ja bakinsa ya yi gum don kada a ce masa matsoraci. Ga shi kuma shi kansa su raba jama'a yake yi. Masu yawon buɗe ido a ruwa suna tafiya a jere suna kallon juna, amma mai fatsa idonsa na kan zare. Zai shafe minti ashirin yana warware zaren da ya harɗe, ya ɗago kai ya tarar ruwa ya ja shi rabin kilomita daga 'yan'uwansa. Don haka tafiyar nan tana buƙatar madugu, mutum ɗaya da aka amince tun daga gida cewa in ya ce an fasa, to an fasa, ko da an riga an sauke jiragen daga mota.

Mutanen wannan gaɓa sun san dalili. Ranar 22 ga Maris, 1993, ɗalibai takwas daga wata makaranta a Plymouth, da malaminsu, da masu horarwa biyu na wata cibiyar wasanni, suka tashi da safe a kayak daga Lyme Regis za su Charmouth, tafiyar da ba ta wuce kilomita 3 ba, a gefen gaɓa. Ba a yi nisa ba jirgin malamin ya fara kifewa. Ana fama da shi, iskar da ke busowa daga tudu ta riƙa tura sauran zuwa tsakiyar teku, inda igiyar ruwa ta cika jiragen ɗaya bayan ɗaya. Babu rediyo a hannunsu, babu abin harba wutar neman agaji. An sa ran dawowarsu da tsakar rana, amma sai wajen ƙarfe uku aka sanar da masu gadin gaɓar teku. Sai da yamma aka tsamo su, ɗalibai huɗu kuma suka rasa rayukansu. A 1994 kotu ta ɗaure shugaban kamfanin da ke da cibiyar bisa laifin kisa ta hanyar sakaci, a 1995 kuma majalisar Birtaniya ta kafa dokar da ta wajabta wa irin waɗannan cibiyoyi lasisi. Ba kamun kifi suka fita ba, amma duk abin da ya ci su yana nan yana jiran masu fatsa a ruwan nan har gobe.

Na farko shi ne iskar tudu, kuma ita ce mafi yaudara. Iskar da ke zuwa daga teku ba ta ɓoye kanta: tana tara raƙuman ruwa a gaɓa, kowa ya gani ya ja da baya, in ma ta fi ƙarfinka gida za ta turo ka. Wadda ke fitowa daga tudu kuwa, duwatsu da gidaje sun kare bakin ruwa daga gare ta, sai ka ga teku ya kwanta lumui. Sai ka yi nisan 'yan ɗaruruwan mitoci take kama ka, kuma duk ƙarin nisa ƙarin ƙarfinta. Matsakaicin matuƙi yana yin kamar kilomita 5 a awa. A ma'aunin iska na Beaufort, mataki na 4 iska ce mai gudun kilomita 20 zuwa 28 a awa, wadda ke sa kan igiyar ruwa ya riƙa yin fari. Mai jirgi cike da kaya da sanduna a tsaye, in ya juyo yana fuskantarta, zai yi ta zuba gumi gaɓa tana nan inda take. Hukumar Met Office tana fitar da hasashe na musamman don ruwan kusa da gaɓa. Madugu ya karanta shi da daddare, ya sake karantawa da asuba, ya duba ƙarfin iskar da kuma inda ta fito. A ganina, in akwai sabon shiga ko guda ɗaya a cikin tafiyar, iskar tudu ta mataki na 3 ma ta isa a sauya wuri.

Sai cikar teku da janyewarsa, abin da wanda ya saba da kogi ko tafki ba ya kawowa a ransa. A wannan gaɓa teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin kamar awa 24 da minti 50, wato lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Wata ne babban mai jan ragamar. Wanda ya saba lissafin kwanan wata na Hijira ya riga ya samu rabin karatun: kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan daren sha huɗu, cika da janyewa sun fi tsanani, ruwa ya fi gudu, a wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa yakan lafa. Ko a cikin awa shida na cika ɗaya gudun ba ɗaya ba ne, domin kusan rabin ruwan a awa ta uku da ta huɗu yake tafiya. A bakin tsibirin Portland, ƙarshen gabashin Lyme Bay, ruwa yakan yi gudun da ya ninka na matuƙin kayak fiye da sau biyu, har manyan jirage suna kauce masa. Abin takaicin, kifi yana son inda ruwa ke gudu. Dabarar ita ce a tsara tafiya yadda za a fita ana fuskantar ruwa tun da sauran ƙarfi, a dawo yana turo mutane daga baya lokacin da kafaɗa ta mutu. A kuma duba wurin sauka: matakalar da aka gangara da safe tana iya zama tafiyar mita ɗari biyu cikin laka da la'asar.

Rana tana iya ƙwallewa a watan Mayu alhali ruwan bai wuce digiri 12 a ma'aunin Salshiyas ba. Duk ruwan da ya gaza digiri 15 yana iya sa wanda ya faɗa ciki ya ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, in kansa na ƙasa sai ya shaƙi ruwa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da lambobi uku, 1-10-1: minti ɗaya na daidaita numfashi, kamar minti goma kafin hannu da ƙafa su daina bin umarni, kamar awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Minti goman nan su ne na komawa kan jirgi. Saboda haka ake sa tufa don sanyin ruwa, ba don zafin rana ba, kuma rigar hana nutsewa a jiki take zama a ɗaure. Wadda aka cusa bayan kujera ba ta da maraba da wadda aka baro a gida. Kafin ranar tafiya, a kai kowa ruwa marar zurfi, ya kifar da jirginsa da gangan, ya juyo da shi, ya ja ciki ya haye. Da yawa a nan suke gane cewa iya iyo daban, hawa jirgin roba mai santsi da jiƙaƙƙun kaya daban.

Haka abin kiran agaji, a jiki ake maƙala shi, domin jirgi yana iya kuɓucewa iska ta tafi da shi. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda ke wannan aiki tun 1824, kullum wannan take nanata wa masu kayak. Rediyon oba-oba na teku ya fi waya, tunda duk jiragen da ke kusa za su ji. Tasha ta 16 ita ce ta neman agaji, ba ta hira ba, sai ƙungiya ta zaɓi wata don ba juna labarin inda kifi yake, kuma a Birtaniya riƙe rediyon yana buƙatar lasisi. Waya a saka ta cikin jakar da ruwa ba ya shiga. 999 ake bugawa a nemi masu gadin gaɓa. A rataya usur a riga. Sannan a bar mutum ɗaya a tudu da takarda: mutum nawa ne, launin jirgin kowa, daga ina aka tashi, ina aka nufa, ƙarfe nawa za a dawo, da ƙarfe nawa zai buga waya in bai ji komai ba. Wannan lokaci na ƙarshe a rubuta shi da lamba, kada a bar shi ga “bari mu ƙara ba su minti goma”.

A kan ruwa, a haɗa mutane bibbiyu, gwani da sabon shiga, kowa ya san wanda yake tsaro. Gudun tafiya da nisanta na mafi rauni ne. Maganar anga kuma a yi ta a fili tun a tudu: wanda ya ɗaure igiyarta a gefen jirgi cikin ruwa mai gudu, ruwan zai danne gefen ya kifar da shi nan take. Da ɗan gargare ake janyo igiyar zuwa goshin jirgi ko bayansa, da ƙullin da ake saki da fizga ɗaya, da wuƙa a kusa. Wanda bai taɓa gwadawa ba, ya bar anga a mota ya bi ruwa.

Kifin kansa yana da doka. A Ingila ba a neman lasisi don fatsa a teku, in ban da 'yan kifaye irin su salmon, amma akwai iyakar girma. Kifin bass, wanda kowa ke buri, sai ya kai santimita 42 ake tafiya da shi, kuma yawan da aka yarda mutum ya ɗauka a rana da watannin da aka hana sukan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka a duba na bana. Mutane da yawa suna manna ma'auni a gefen jirgi don kada a yi ta gardama a kan ruwa. Mackerel kuwa, titus ɗin kasuwanninmu, in garkensa ya zo a lokacin zafi zare ɗaya yakan fito da huɗu ko biyar, ga shi da saurin lalacewa a rana. A tafi da jaka mai ƙanƙara, a kuma yanke tun kafin a shiga ruwa nawa kowa zai ɗauka.