Mil Uku Ba Kilomita Uku Ba Ne

 Shirinmu na yau da ƙafa za mu yi shi, sannu a hankali, daga nan Tudun Wadan Zariya.

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga nan zuwa asibitin koyarwa na Shika ya ji ana kiran Milgoma. 'Yan uwanmu masu kai tumatir da albasa Legas kuwa, a kasuwar Mil Sha Biyu suke sauke kaya. Tun shekarun 1970 Najeriya ta koma awo da mita da kilo, an kuma yi dokar awo a 1974, amma mil bai bar bakinmu ba. Ku shiga kasuwar Tudun Wada, atamfa yadi 6 za a yanko muku. Ku je wurin dillalin fili, ƙafa 50 da 100 zai ce. Awo biyu muke rayuwa da su, kuma yawanci ba sa karo. Inda suke karo shi ne wajen sauri, musamman saurin da bai taka kara ya karya ba, irin na tafiyar mutum ko ta shanun huɗa, domin lambobin ƙanana ne, 2 ko 3 ko 4, ido ba ya tsayawa ya tambayi abin da aka rubuta a bayansu.

A kan ƙanena na ga haka. Masara yake nomawa, kuma yaro ne mai son bincike. Ya karanta a wayarsa wani bayanin feshin maganin ciyawa da aka rubuta don manoman Amurka, inda aka ce mai feshi ya riƙa tafiyar mil 3 a awa. Sai ya buɗe manhajar da ke auna saurin tafiya, ya goya injin feshinsa, ya dinga rage taku har allon ya nuna 3. Bai lura ba cewa wayar kilomita take ƙirgawa.

Da yamma ya same ni a ƙofar gida, rigarsa jiƙe da zufa, igiyar injin ta yi masa shaida a kafaɗa. Ya ce, "Yaya, maganin da na sayo na gona guda ya ƙare, ga fiye da sulusin gonar ban taɓa ba. Ko dai algus aka yi mini?"

Babu algus. Mil ɗaya mita 1,609 ne, wato kilomita 1.6. Saboda haka mil 3 a awa ya kai kilomita 4.8, tafiyar lafiyayyen mutum mai zuwa kasuwa. Kilomita 3 a awa kuwa tafiyar mai rakiyar baƙo ce, ana yi ana hira. Shi injin feshi ba ruwansa da takunka. Muddin hannunka na buga famfo yadda ya saba, ruwan da zai fito a kowane minti ɗaya ne. In ka rage sauri, ruwan nan a ɗan wuri zai taru. Ƙanena ya zuba wa kowace kunya magani ninki ɗaya da rabi har da ɗori. Kuɗi sun tafi, ƙasa ta sha abin da ya fi ƙarfinta, shi kansa ya daɗe cikin warin guba fiye da yadda ya kamata. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin yawancin matasanmu babu takunkumi babu safar hannu suke wannan aiki.

To, ga hanyar da za ku riƙe ba tare da na'ura ba: mil 5 kilomita 8 ne. In daga mil za ku koma kilomita, ku ƙara rabin lambar, sannan ku ƙara kashi ɗaya cikin goma nata. Mil 2 ya zama kilomita 3.2, mil 4 ya zama 6.4. In kuma daga kilomita za ku dawo mil, ku raba gida 8, ku ɗauki 5.

Amma ni na fi yarda da igiya da agogo, don manomi ba a takarda yake tafiya ba. Ku auna mita 100 a cikin gona, ba a kan kwalta ba, domin ƙasar da aka huɗe tana riƙe ƙafa. Mai tafiyar mil 3 a awa zai cinye ta cikin daƙiƙa 75. Mai kilomita 3 sai ya yi minti 2 cif. Saurin da aka fi koya wa masu injin goyo, mita ɗaya a kowace daƙiƙa, shi ne kilomita 3.6 a awa, mil 2 da kwata ke nan kusan, kuma daƙiƙa 100 zai ɗauka. Wanda ba shi da tef, tsawon puloti ƙafa 100 ne, mita 30 da rabi.

Direbobi ma ina da magana da ku. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, manyan lambobin da ke jikin agogon gudunsu mil ne, kilomita na ciki da ƙananan baƙaƙe. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa, mil 31 ke nan. Wanda ya ga allura a kan 50 ya ce yana kan doka, kilomita 80 yake shararawa, tsakanin Agoro da Kongo, inda 'yan makaranta da masu keke Napep suke tsallaka titi.

Shi dai mil daga Rumawan da ya samo asali, taku 1,000 na soja, kowane taku a ƙirga ɗaga ƙafa sau biyu. Mita kuwa Faransawa suka ƙirƙiro ta a shekarun 1790. Sai a 1959 Amurka da Ingila da wasu ƙasashe suka amince yadi ɗaya ya zama mita 0.9144 daidai. Kakanninmu da kamu da gaba da taki suke awo, tafiya mai nisa kuma a ƙirga ta da zango.

Shi kuwa ƙanena, washegarin ranar da ya kawo mini kuka, da sassafe muka tafi gonar tare. Muka kafa turaku biyu, mita 100 tsakaninsu, ya cika injin da ruwa zalla, ni kuma na riƙe agogo. Zuwan farko ya yi daƙiƙa 118. Na ce ya sake. A karo na huɗu ya iso turke a kan 76, yana haki, ya sauke injin ya duba ruwan da ya rage a ciki.