Ofisoshin Haɗaka da Tarkon Doguwar Haya

Ma'aikacin da ke aiki ta intanet ba ya buƙatar zuwa ofishin kamfaninsa, amma yana buƙatar tebur, wutar da ba ta ɗaukewa, intanet mai ƙarfi da mutanen da zai gaisa da su. A kan wannan buƙata aka gina sana'ar ofisoshin haɗaka da gidajen zaman tare, inda mutum ke biyan kuɗin wata ko na yini. Masu sana'ar sukan tallata kansu a matsayin kamfanonin fasaha, alhali asalin harkar haya ce: ka karɓi gini daga mai shi na shekaru masu yawa, ka yanyanka shi, ka bayar ga 'yan hayar da za su iya kwashe kayansu a ƙarshen wata.

Labarin WeWork ya nuna inda haɗarin yake. An kafa kamfanin a New York a 2010, kuma a farkon 2019 masu zuba jari sun ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 47. Takardun da ya fitar a shekarar sun nuna hayar gine-ginen da ke wuyansa ta kai kusan wannan adadi, yayin da alƙawarin biya daga 'yan hayarsa bai wuce kimanin biliyan 4 ba. Wannan ɗaukar Dala ba gammo ne, domin ko kujeru sun cika ko sun zama wayam, mai gini sai ya karɓi kuɗinsa. A Nuwamban 2023 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Kamfanin Selina, wanda ya haɗa masauki da wurin aiki ga matafiya, shi ma ya durƙushe a 2024.

Wani zai ce annobar korona ce ta kayar da su. Annobar ta ƙara wuta, amma WeWork ya janye shirin sayar da hannun jarinsa tun Satumban 2019, kafin cutar ta ɓulla. Wani kuma zai ce masu buƙata na ƙaruwa, tunda Estoniya a 2020 da Fotugal a 2022 sun fito da bizar masu aiki daga nesa. Haka ne, sai dai irin wannan abokin ciniki yau yana Lisbon, gobe yana Bali. Shi ya sa kamfanin IWG, mai ofisoshin haɗaka na Regus, ya karkata ga gudanar da wuri a madadin mai gini su raba kuɗin shiga. Duk mai son shiga harkar, kafin ya sayi kujeru, ya fara daidaitawa da mai gini kan wanda zai ɗauki asarar watan da babu kowa.