Ƴan ƙungiyar garka, kada ku zuba irinku duka rana ɗaya

Kun yanke hatsi, kun ɗaure damma, kun kai rumbu. Yanzu hankalin kowa ya koma fadama. Kafin ku ɗauki kwashe ku fara tada fangali, ga wata magana da muke so ku karanta a taron ƙungiyarku. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Kun san abin da ke faruwa kowace shekara cikin watan Janairu da na Fabrairu. Mutumin Tibiri ya ɗoro salati a amalanke. Na Jiratawa ya zo da shu da tumatir. Na Sumarana da na Tarna su ma sun iso. Duka a babbar kasuwar Maradi, safiya ɗaya. Mai saye ya duba nan, ya duba can, ya taya kuɗin da ya ga dama. Ba ka iya mayar da salati gida, kafin la'asar ya yi yaushi. Dole ka sallama. Bayan wata biyu kuma, lokacin da bazara ta kama, ga mai saye da kuɗi a hannu, garkarka babu komi sai busasshen kara.

Mutane na cewa laifin dillalai ne. Dillalai na da nasu laifi, ba mu wanke su ba. Amma asalin abin ya faro tun ranar zuba iri. Kowa ya zuba nasa sati ɗaya, da zaran an gama aikin kaka. Abin da aka zuba tare, tare zai nuna.

Noman rani ba baƙo ba ne a bakin gulbin Maradi. Kakanninmu sun yi shi da jigo da guga. Bayan yunwar 1984 ne gwamnati, zamanin shugaba Seyni Kunce, ta matsa ma jama'a su riƙe shi da gaske, aka gina rijiyoyi, aka raba iri. A Jiratawa kuwa, tun farkon shekarun 1980 aka gyara fili fiye da hekta 500, inda injin lantarki ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ma'aikatar ONAHA na dafa ma manoma. Mutanen can sun daɗe da sanin cewa ruwa bi da bi ake shan shi, kowane rukuni da ranarsa. To, abin da suka yi ma ruwa shi muke so ku yi ma iri.

Yadda za ku raba zubi

A ce ku 20 ne cikin ƙungiya. Maimakon kowa ya yi nasa wurin rainon iri a gefen garkarsa, ku yi guda ɗaya babba na ƙungiya, kusa da rijiyar da ba ta ƙafewa. Ku sayi iri tare. Ku raba shi kashi 4. Kashi na farko a zuba shi farkon Oktoba, na biyu tsakiyar Oktoba, na uku farkon Nuwamba, na huɗu tsakiyar Nuwamba. Kwana 15 ke nan tsakanin zubi da zubi.

A nan ne gardama ke tashi. Wani zai ce shi ba ya karɓar kashin farko, don akwai sauran zafi da ƙwarin damina. Gaskiyarsa. Wani ya ce ba ya jiran na ƙarshe. Na ga ƙungiyar da ta raba mutane rukuni rukuni, waɗansu su dasa da wuri, waɗansu daga baya. Shekarar da kashin farko ya lalace, mutum biyar suka ɗauki asarar su kaɗai, kuma ba su sake zuwa taro ba. Don haka ni shawarata, kada a raba mutane, a raba fangali. Kowane ɗan ƙungiya ya karɓi ɗiyan iri daga kowane zubi. Mai fangali 12 ya dasa 3 yanzu, 3 bayan kwana 15, haka har ya cika. In zubi ɗaya ya ɓaci, kowa ya yi ƴar asara, ba wanda ya durƙushe.

Sakataren ƙungiya ya buɗe littafi. Ya rubuta ranar zubi, sunan iri, da yawan ɗiyan da kowa ya ɗauka. Ga inda karatun yaƙi da jahilci zai yi muku rana. Abin da aka rubuta ba a musunsa.

Gyaran wurin raino

Faɗin fangalin raino kada ya wuce mita 1, don hannunka ya kai tsakiya ba tare da ka taka ba. Zubin Oktoba a tada shi sama kamar tafin hannu, ko ruwan sama na ƙarshe ya sauka ba zai kwanta ba. A farfasa ƙasa ta yi laushi, a gauraya ta da takin gida wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin dabba yana ƙone ɗiya, yana kawo ciyawa da gara. Kada a yi raino inda tumatir ko yalo ko kuɓewa suka yi ciwon kumburin saiwa bara. Ƙwarin da ke kawo shi na nan cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu, kuma za ku raba su ga garake 20 da hannunku.

Kada a watsa iri kamar ana ba kaji tsaba. A ja layi da tsinke, tazarar santimita 10 zuwa 15, zurfin santimita 1. Giram 1 na irin tumatir ya kai ƙwaya 300. Kun ga ƙaramin gwangwani ya ishi mutane da yawa in ba a yi ɓarna ba. A rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar ƴaƴa, a ba da ruwa da buta mai rariya safe da marece. Ranar da kuka ga sun fara tsirowa, a ɗauke ciyawar. In kun bar ta, ɗiyan za su yi tsawo, su yi fari, su faɗi. In kuma kun ga suna ruɓewa daga gindi suna kwantawa, ruwa ya yi yawa ko sun cunkushe. A rage ruwa, a cire waɗansu. Tsohon gidan sauro da aka wanke, in an ɗora shi bisa ƴan sanduna, yana tare fara da ƙadangare da tsuntsaye.

Salati ya isa dashe bayan kwana 20 zuwa 25. Tumatir da shu kamar wata ɗaya, in sun yi ganye 4 ko 5. Albasa ta fi jinkiri, kwana 40 zuwa 50, sai ta kusa kaurin fensir. A jiƙa fangali kafin a cire, a dasa da marece.

Ba kowane kaya ne ke son zubi huɗu ba

Salati shi ya fi kowa buƙatar wannan tsari, don wata ɗaya da ƴan kwanaki bayan dashe ya isa kasuwa, kuma ba ya jira. Ana iya ci gaba da zuba shi har Janairu. Daga nan zafi na sa shi fidda tsiri ya yi ɗaci. Tumatir kada a yi masa jinkiri ƙwarai. Wanda furensa ya tarar da zafin Afrilu, furen zubewa yake yi. Ga kuma tsutsar nan mai shiga cikin ganye da ƴaƴa, wadda ta ɓarnata tumatir a arewacin Najeriya a 2016, mu ma ba ta bar mu ba. Ta fi ƙarfi in zafi ya taso. Ku riƙa duba ganye, ku tsinke wanda ta shiga ku binne. Rabin kilo na ƴaƴan bedi da aka daka, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace a fesa da marece, yana rage ƙwari da yawa, amma sai an maimaita kowane sati.

Albasa ba ruwanta da wannan gaggawa. Ƴar Galmi tana ajiyuwa wata da watanni in an tsayar da ban ruwa kafin cira, aka bar ta ta bushe a inuwa. Tumatir da ya yi yawa a yanka shi a shanya a tabarma mai tsabta, a yi kauɗa. Zogala kuwa, wadda Jiratawa ta yi suna da ita, ana yankan ganyenta a kai a kai, ita ke riƙe gida lokacin da sauran kaya suka ƙare.

Ku dubi watan azumi kuma. Ba lokacin da ake neman salati da tumatir kamarsa. Kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11. A 2024 da 2025 cikin Maris aka ɗauke shi. Ku ƙirga baya daga ranar da ake sa ran ganin wata: salati na son kamar wata biyu daga zubi zuwa yanka, tumatir wata uku ko fiye. Ku sa zubi ɗaya ya faɗa daidai nan.

Kada in ruɗe ku. Ƙungiyar mutum 20 ba ta iya gyara farashin Maradi, kaya na shigowa daga ko'ina. Abin da za ku samu shi ne zuwa kasuwa sau da yawa da kaya kaɗan kaɗan. In wannan sati ta faɗi, na gaba ta tashi, kuna ciki. Akwai riba ta biyu. Tun da aka datse ruwan gulbi a Jibiya, cikin jihar Katsina, a farkon shekarun 1990, masu garka na kukan rijiyoyi sun yi nisa. Ƙaramin dashe ba ya shan ruwa kamar babba. In fangali ba su girma tare ba, ba za su nemi ruwa mai yawa rana ɗaya ba, layin inji ya ragu, kuɗin mai ma ba zai faɗo muku gaba ɗaya ba.

Ƙungiyar da ke son a duba mata iri kafin ta saya, ta aiko mutum biyu wurin malamin gona na gundumarta, su zo da gwangwanin ko takardar irin, a karanta ranar da aka rubuta a jiki.