Gargaɗi ga Masu Renon Iri da Manoman Tumatir: Sharon na Bin Dashe

Jama'a, masu renon irin tumatir da masu saye, a saurara da kyau. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda masana suka sani da Tuta absoluta, sau da yawa mai gona ne ke sayo ta da kuɗinsa a cikin ɗaurin dashe, ya goyo ta a babur har bakin fangalinsa.

Duk wanda ya ga 2016 ya san abin da nake nufi. Gonaki sun ƙone a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa kamar an cinna musu wuta, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki don babu abin niƙawa. Sharon ta sake yi wa Kano ɓarna a 2023. Asalinta Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifaniya a 2006, yau kuwa ta zama 'yar gida, ba inda za ta.

Uwar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai launin toka, da dare take yawo. Guda ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200, kuma lokacin zafi cikin kusan wata guda ƙwan ya zama uwa. Tsutsar na kutsawa tsakiyar ganye ta ci daga ciki, shi ya sa feshi ke wuce ta.

Mai saye, kada ka biya sai ka tsuguna ka duba. Juya ganyen, ka ɗaga shi saitin rana. In ka ga faffaɗan tabo fari da haske ke ratsawa, da ɗigo-ɗigon baƙin kashi a ciki, sharon ce. Wani lokacin har tsutsar za ka hango tana motsi, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Siririn layi mai lanƙwasa aikin wata tsutsa ce daban. Duba kan tsiron ma, wurin sabon toho, nan sharon ta fi so. Tumɓuke biyu ko uku ka ga saiwa: in tana da ƙulli-ƙulli, wata cutar ce ta ƙasa, kuma in ta shiga gonarka sai ta yi shekara da shekaru. In ka ga waɗannan alamu, ka bar dashen ko da kyauta aka ba ka.

Ku kuma masu reno, amana ce a hannunku. Wanda ya san bedinsa ya kamu, ya tsinke ganyen da suka nuna, ya yayyafa ruwa don dashen ya yi shar a idon mai saye, ya cuci ɗan'uwansa da ya ci bashin taki da man inji. Kada ku yafa iri kusa da tsohuwar gonar tumatir, gauta ko dankalin Turawa. Ku rufe bedi da raga mai ƙananan ido tun daga ranar shuka, ku danne gefenta da ƙasa. Ku kafa tarkon ƙamshi mai janyo mazan, domin shi zai fara sanar da ku ta iso. Karan tumatirin bara a tattara a ƙone, ko a binne da zurfi, don a ƙasa da busasshen ganye take kwanciya.

Maganar feshi: tsutsar nan na saurin sabawa da magani. Ninka awo ko gauraya kwalabe uku ba ya kashe ta, sai dai ya cutar da mai feshi da mai cin miya. A riƙa sauya nau'in magani bisa shawarar malamin gona, a yi feshin da yamma.

Duk wanda ya ga alamar a bedinsa, ya dakatar da sayarwa nan take, ya sanar da maƙwabtansa, ya kai ganyen ga malamin gona mafi kusa a ranar.