Kwana a Ol Pejeta, gandun Kenya inda shanu da karkanda ke kiwo tare

A faɗin duniya, farar karkanda ta arewa guda biyu kaɗai suka rage da rai, kuma dukansu mata ne: uwa mai suna Najin da 'yarta Fatu. Suna zaune a gandun namun daji na Ol Pejeta da ke gundumar Laikipia a tsakiyar ƙasar Kenya, inda jami'ai masu ɗauke da makamai ke gadinsu dare da rana. Namiji na ƙarshe a zuriyarsu, wanda ake kira Sudan, shi ne mahaifin Najin, kuma a wannan gandun ya mutu ranar 19 ga Maris, 2018, yana da shekara 45.

Gwamnatin Kenya ba ita ke da Ol Pejeta ba. Wata ƙungiya ce da ba ta neman riba ke tafiyar da shi, kuma kaso mai tsoka na kuɗin da ake biyan masu gadi, a gyara shinge, a sayi man sintiri, yana fitowa ne daga aljihun baƙin da ke kwana a masaukan da ke cikinsa. Wannan ne ya sa labarinsa ya shafi ma'aikacin gwamnati a Abuja ta fuska biyu. Ta farko, Nairobi ce hedikwatar Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da kuma hukumarta ta matsugunai, don haka jami'anmu ba sa rabuwa da zuwa taro a can, kuma tsakanin Nairobi da garin Nanyuki, ƙofar gandun, tafiyar kimanin kilomita 200 ce, sa'a uku zuwa huɗu a mota. Ta biyu, tambayar da Ol Pejeta ya amsa ita ce wadda gandayen dajinmu suka daɗe suna fama da ita: wa zai biya kuɗin tsaron daji?

Daga gonar kiwo zuwa gandun daji

Ol Pejeta yana da faɗin kusan kadada 36,000, wato kimanin murabba'in kilomita 360, a filin da ke tsakanin Dutsen Kenya da tsaunukan Aberdare. Layin da ya raba duniya gida biyu ya ratsa ta cikinsa. A zamanin mulkin mallaka gonar kiwon shanu ce ta Turawa, kuma ta taɓa zama mallakar gidan Lord Delamere. Daga baya ta faɗa hannun attajirin nan na Saudiyya, dillalin makamai Adnan Khashoggi, sannan kamfanin Lonrho. A 1988 aka killace wani sashe nata mai suna Sweetwaters domin kare baƙar karkanda. A 2004 ƙungiyar Fauna & Flora International ta Ingila ta sayi gonar da tallafin gidauniyar Arcus, aka mayar da ita gandun namun daji baki ɗaya.

Dalilin killacewar shi ne ɓarnar da masu farauta ba bisa ƙa'ida ba suka yi. A 1970 Kenya na da baƙar karkanda kusan 20,000. Kafin tsakiyar shekarun 1980 ba su kai 400 ba. Ƙahon da ake kashe su dominsa, sinadarinsa ɗaya ne da na farce da gashi, amma kasuwarsa ta yi ƙarfi, a da a Yaman inda ake yin ƙotar wuƙa da shi, yanzu kuma a Biyetnam da Sin. Kenya ta haramta farautar namun daji a 1977, sai dai doka ba ta tsare daji idan babu mai sintiri. Gandaye masu shinge irin wannan su ne suka riƙe ragowar, har adadin baƙar karkanda a ƙasar ya sake kaiwa wajen 1,000. Ol Pejeta kaɗai yana da sama da 150.

Su kuwa farare na arewa, a Disambar 2009 aka kawo su guda huɗu daga gidan namun daji na Dvůr Králové da ke Jamhuriyar Cek, da fatan iskar Afirka za ta sa su haihu. Fatan bai cika ba. Namiji ɗaya mai suna Suni ya mutu a 2014, Sudan ya bi shi bayan shekara huɗu, kuma Najin da Fatu ba za su iya ɗaukar ciki ba. Abin da ya rage shi ne aikin masana, waɗanda ke ɗiban ƙwan Fatu su haɗa da maniyyin mazan da suka mutu wanda aka daskarar, da niyyar dasa shi a mahaifar farar karkanda ta kudu.

Yadda yini da dare suke

Masaukan gandun iri-iri ne. Akwai Sweetwaters Serena, babban sansanin tantuna da ke fuskantar wani mashayi. Akwai ƙananan sansanoni masu tantuna kaɗan a cikin daji. Akwai kuma filayen da mutum kan kafa nasa tantin da kansa. Kada kalmar tanti ta ruɗi mai karatu. A yawancin masaukan, ɗaki ne cikakke mai gado da banɗaki da ruwan zafi, bangonsa ne kawai na tamfol, shi ya sa duk motsin da dabba ta yi a waje yake shigowa kunne. Rurin zaki da dare yana tafiya kilomitoci, kuma wanda bai saba ba zai rantse a bayan tantinsa ake yinsa.

Jadawalin dabbobi ake bi a wurin. Ana tashin baƙo tun duku-duku, a ba shi shayi, a fita da mota mai buɗaɗɗen rufi kafin hantsi, domin zaki da damisa da kura sun fi yawo da sanyin safiya. Idan rana ta ɗaga sai a dawo a karya kumallo, a huta har la'asar, sannan a sake fita sai faɗuwar rana. Tsakar rana ma ba ta tafiya a banza: wanda ya zauna a barandar tantinsa zai iya ganin raƙumin dawa ya tale ƙafafu yana shan ruwa, jakunan dawa na jiran layi, mugun dawa na birgima a taɓo.

Bambancin gandu mai zaman kansa da na gwamnati yana fitowa fili ne bayan magariba. A yawancin gandayen gwamnatin Kenya ba a yawo da mota idan dare ya yi. A Ol Pejeta kuwa ana fita da fitila mai ƙarfi a nemi dabbobin da ba sa fitowa sai duhu, ana iya bin ma'aikatan da ke bibiyar zakunan da aka sa wa na'ura a wuya, ana kuma iya tafiya a ƙasa tare da jagora mai bindiga. Dabbobin nan biyar da tsofaffin mafarauta suka fi tsoron tunkara a ƙasa, wato zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda, duk suna nan, ko da yake ganin damisa sai mai rabo. Akwai kuma mafakar manyan biran nan masu kama da mutum, wadda aka buɗe a 1993 da haɗin gwiwar cibiyar Jane Goodall, aka kwaso wasunsu daga Burundi lokacin da yaƙi ya ɓarke a can.

Dokokin wurin kaɗan ne, amma ba a wasa da su. Ba a sauka daga mota sai inda jagora ya ce, ba a ɗaga murya, ba a ba dabba abinci. A sansanonin da ba su da shinge, ba a fita daga tanti da dare sai da rakiyar mai gadi. A nan muƙami ba ya aiki. Babban sakatare da ɗan aikensa duk umarnin jagora suke bi, domin ɓauna ba ta san matakin albashi ba.

Shanu a cikin namun daji

Abin da zai fi ɗaukar hankalin ɗan arewacin Nijeriya shi ne garken shanu. Ol Pejeta bai daina kiwo ba da ya koma gandun daji. Yana riƙe da dubban shanu irin na Boran, masu tozo kamar namu, suna kiwo a fili ɗaya da jakin dawa da ɓauna. Da dare ana shigar da su wani shingen ƙarfe da ake iya kwancewa a ɗauka, wanda zaki ba ya iya ketawa. Bayan ɗan lokaci sai a matsar da shingen gaba. Inda suka kwana ya sha taki, sai ciyawa mai laushi ta tsiro, barewa da sauran dabbobi su yi ta zuwa ci. Shanun na kuma cinye tsohuwar ciyawa mai kaushi, kuma da yake ana yi musu feshi, kaskar da suka kwaso daga daji tana mutuwa.

Amfanin kiwon bai tsaya ga ciyawa ba. Yawon buɗe ido sana'a ce mai saurin girgiza: rikicin zaɓe ko annoba na iya yanke baƙi cikin mako guda, kamar yadda aka gani a 2020 da cutar korona ta rufe filayen jiragen sama. Mai gadi kuwa dole a biya shi, ko da baƙo ko babu. Cinikin shanu na daga cikin abin da ke riƙe gandun idan tantuna suka zama wayam.

Hatta shingen da ya kewaye gandun an yi shi da lissafi. An bar wasu ƙofofi da aka kafa wa gajerun turaku, waɗanda giwa da sauran dabbobi ke tsallakewa su fita zuwa sauran filayen Laikipia, amma karkanda, saboda gajartar ƙafafunta, ba ta iya wucewa.

Ƙasar wa ce?

Baƙon da ke shan shayi yana kallon Dutsen Kenya ya kamata ya san tarihin ƙasar da yake zaune a kai. Laikipia makiyayar Masai ce kafin Turawan mulkin mallaka su tashe su zuwa kudu bisa yarjejeniyar 1911, suka raba filin ga 'yan uwansu. Har yau manyan filaye na hannun mutane da kamfanoni ƙalilan, alhali makiyayan Samburu da Pokot da Masai na neman ciyawa a gefe. A 2017, fari da siyasar zaɓe suka haɗu, makiyaya ɗauke da makamai suka kora dubban dabbobi cikin gonaki da gandayen yankin. An kashe Tristan Voorspuy, ɗaya daga cikin masu gonar Sosian, a watan Maris, aka harbi marubuciya Kuki Gallmann a watan Afrilu, makiyaya da mazauna ƙauyuka da dama su ma suka rasa rayuka da dukiya.

Darasin da masu gandaye suka ɗauka shi ne shinge da bindiga ba sa isa idan maƙwabci na jin yunwa. Ol Pejeta na kashe wani kaso na kuɗinsa a kan makarantu, tallafin karatu, ruwan sha da asibitoci a ƙauyukan kewaye, kuma yawancin ma'aikatansa 'yan ƙasa ne. Ko wannan ya biya bashin tarihi, muhawara ce da 'yan Kenya ba su gama ba. Dokar namun daji ta 2013 dai ta amince da gandaye masu zaman kansu da na al'umma a matsayin halastacciyar hanyar amfani da ƙasa, kuma a wurare irin su kewayen Masai Mara, makiyaya ne ke da filin, masu masaukai na biyansu haya.

Ga mai niyyar zuwa

Kuɗin shiga gandun dabam yake da kuɗin masauki, kuma a kullum ake lissafa shi. Farashin ya kasu: 'yan Gabashin Afirka na biyan kaɗan, baƙi daga waje, har da ɗan Nijeriya, na biyan mafi tsada da dala. Kafin a biya, a tambaya ko fita da mota da abinci na cikin kuɗin, a kuma faɗi irin abincin da ake ci tun da wuri. A riƙe katin rigakafin shawara. Wurin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, don haka asubarsa na da sanyi mai cizo. Rigar sanyi wajibi ce. Damina biyu ake yi, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga Oktoba zuwa Disamba. Da rani dabbobi sun fi taruwa a bakin ruwa, ganinsu ya fi sauƙi.

Abin lura ga Nijeriya

Kalmar karkanda tana cikin harshenmu domin kakanninmu sun san dabbar. Baƙar karkanda ta Yammacin Afirka, wadda ragowarta ta ƙarshe ta zauna a arewacin Kamaru, an ayyana ƙarewarta a 2011. Giwa da zaki na iya bin sahunta a ƙasarmu idan aka yi sake.

Ba fili muka rasa ba. Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, yana da murabba'in kilomita 2,244, wato ya ninka Ol Pejeta sau shida, ga giwaye, ga ruwan ɗumi na Wikki. Ya zama gandun tarayya a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa ya fi shi girma nesa ba kusa ba. A duka biyun an gwada haɗin gwiwa da ƙungiyoyi masu zaman kansu, WCS a Yankari, ANI a Gashaka-Gumti, musamman wajen horar da masu gadi da sintiri.

Tsarin Kenya ba zai kwafu kai tsaye ba, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, kuma baƙo ba ya zuwa inda hanya ba ta da tsaro. Amma akwai abubuwa uku da duk mai rubuta takardar shawara ga minista zai iya ɗauka. Kuɗin da gandu ya tara ya zauna a gandun, a riƙa wallafa yadda aka kashe shi. A ba mai zuba jari a masauki yarjejeniya mai tsawo wadda sauyin gwamnati ba zai rushe ba. Sannan a shigar da makiyayi cikin lissafi tun daga farko, da ƙa'idar inda zai yi kiwo da lokacin da zai yi, da kuma rabonsa a cikin abin da dajin ya samar. Dajin da babu mai cin gajiyarsa a fili, 'yan bindiga da masu sarar itace ne ke gadonsa, kamar yadda aka gani a Kamuku da Sambisa.